Ramin Ƙirji: Yankan Ƙarami Ne, Tiyatar Babba Ce

A filayen ƙwallo na unguwannin Jos, daga Gangare har Anguwar Rogo, idan babu rigunan wasa dabara ɗaya yara suke yi: ɓangare guda su tuɓe riga, ɗaya ɓangaren su bar tasu. Ɗan yayata mai shekara 14, duk ranar da tuɓewa ta faɗo kan ɓangarensu, sai ya ce ƙafarsa na ciwo, ya koma gefe ya zauna. Daga baya ya bar zuwa filin gaba ɗaya. Uwarsa har murna ta yi, tana zaton karatu ya kama. Da na zaunar da shi na matsa masa da tambaya, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, in na yi gudu ji nake kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Kuma yara cewa suke a kawo koko a zuba a wurin." Ya ɗaga riga. A tsakiyar ƙirjinsa, daidai saman ƙahon zuci, akwai rami wanda rabin lemon zaƙi zai zauna a ciki daram.

Yayata ta san da ramin tun yana jariri, amma a lokacin ɗan lotsawa ne kawai, kuma tsofaffi sun ce halitta ce, zai cike idan ya yi ƙiba. Bai cike ba. Cikin shekara biyun da ya yi tsawo farat ɗaya, ramin ya zurfafa. Da ya fara kukan haki, wani mai kemis ya ba shi maganin asma da maganin ƙarin jini, aka sha watanni ana sha ba canji. Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin al'amarin, kuma abin da na fahimta shi ne mutane suna kuskure ta fuska biyu: wasu na raina ciwon, wasu kuma da zarar sun ji an ce akwai tiyatar zamani mai ƙaramin yanka sai su raina tiyatar.

Likitoci na kiran wannan halitta da sunan Latin, pectus excavatum. Ƙashin tsakiyar ƙirji ba ya haɗe da haƙarƙari kai tsaye. Guringuntsi ne ke sada su, irin wanda ake taunawa a ƙirjin kaza. Idan wannan guringuntsi ya girma ba daidai ba, sai ya tura ƙashin ciki, wajen ƙashin baya. A wasu yaran waje yake turo shi, ƙirjin ya yi tsini kamar na tantabara, wannan kuma daban ne, yawanci da wata ɗamara mai matse ƙirji ake gyara shi. Lotsawar ita ta fi yawa cikin duk nakasun bangon ƙirji. Ƙididdigar da aka fi ambata ita ce yaro 1 cikin 300 zuwa 400, kuma maza da ake kai wa asibiti sun ninka mata kusan sau huɗu. Kusan huɗu cikin goma na masu ita akwai wani a danginsu mai irin wannan ƙirji. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna ba a cika samunta a baƙar fata kamar a Turawa ba, kuma a ganina wannan ƙarancin shi ke sa idan ta zo mana ba a gane ta da wuri.

A Jos musamman, akwai abubuwa biyu da ya kamata a raba da ita. Na farko cutar laushin ƙashi ta yara, mai sa gwame da ƙafar baka, wadda ita ma takan sauya siffar ƙirji. A nan garin aka yi binciken da duniya ke kafa hujja da shi: Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, sun wallafa a 1999 cewa yaranmu masu wannan cuta sinadarin kalsiyam suka rasa a abinci, kuma ba su kalsiyam ya fi ba su bitamin D kaɗai warkarwa. Wannan da abinci da magani ake gyarawa, ba ruwanta da wuƙa. Na biyu ya fi gaggawa. Ƙaramin yaro mai tari da zazzaɓi, yana numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa na faɗawa ciki duk lokacin da ya ja iska, alamar nimoniya ce mai tsanani, kuma asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

To me ramin yake yi wa jiki? Ɓangaren dama na zuciya, wanda ke karɓar jinin da ya dawo daga jiki ya tura shi huhu, a bayan ƙashin ƙirji yake kwance, kuma bangonsa ba shi da kauri. Idan ƙashin ya lotsa sosai sai ya danne shi, ko ya ture zuciyar gaba ɗaya zuwa hagu. Mutum na zaune lafiya lau yake, domin jinin da ake bukata kaɗan ne. Da ya fara gudu, jiki ya nemi ƙari, ɗakin da aka danne ba zai iya cika yadda ya kamata ba, sai zuciya ta rama da bugun sauri. Daga nan haki, faɗuwar gaba, ciwon ƙirji, da gajiya kafin sa'o'insa. Abin da ke rikita iyaye, har da wasu ma'aikatan lafiya, shi ne idan an auna yaron yana kwance a gado sau da yawa komai daidai yake fitowa.

Akwai ma'auni da ake amfani da shi, wanda Dakta Alex Haller na asibitin Johns Hopkins da abokan aikinsa suka fitar a 1987. Ana ɗaukar hoton siti-sikan, a auna faɗin ƙirji ta ciki daga dama zuwa hagu, a raba da tazarar da ke tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya a inda ramin ya fi zurfi. Na mai lafiya yakan kama wajen 2.5. Idan ya haura 3.25 ana lissafa shi mai tsanani. A misali, faɗin santimita 24 da tazarar santimita 6 zai ba da 4. Amma lambar kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Ana haɗawa da hoton zuciya na eko, da gwajin hura iska don auna huhu, da abin da yaron ke ji a jikinsa, da kuma ko ramin na ƙara zurfi. Hoton eko yana da wani amfani da bai kamata a tsallake ba. Wasu masu ramin ƙirji suna da ciwon Marfan, wanda ake gada: mutum dogo siriri, mai dogayen hannuwa da yatsu, mai matsalar ido, a wasu lokuta da karkacewar baya. A irin waɗannan, babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya takan buɗe a hankali har ta kai ga tsagewa. Nan ramin ƙirjin shi ne ƙaramar magana, ya zama ɗan aike ne kawai da ya zo da labarin abin da ya fi shi.

Kafin a zo ga tiyatar zamani, sai an san abin da ta maye. A 1949 Dakta Mark Ravitch ya bayyana hanyar da ta yi mulki kusan shekara hamsin: a tsaga gaban ƙirji, a ɗaga tsoka, a cire guringuntsin da ya lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, a sari ƙashin tsakiya a ɗago shi, a tokare. Aikin na ɗaukar sa'o'i, ana zubar da jini, tabo kuma a gaba yake inda kowa zai gani. Mafi muni, yaran da aka cire wa guringuntsi da yawa tun suna ƙanana sosai, a wasunsu ƙirjin ya daina girma, suka tashi da ƙuntataccen keji mai hana numfashi. Haller da kansa ya ja hankali kan wannan a 1996. Har gobe ana yin tiyatar Ravitch da aka yi wa gyare-gyare, kuma tana da wurinta, musamman ga ƙirjin da ya murɗe ko ya haɗa tudu da rami.

Dakta Donald Nuss, wanda ya yi karatun likitanci a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu kafin ya koma aiki a asibitin yara na Norfolk a jihar Bajiniya ta Amurka, shi ya kawo wata tambaya mai sauƙi: tunda guringuntsin yaro mai laushi ne, me ya sa za a cire shi? Hausawa sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 1987 ya fara, a 1998 ya wallafa sakamakon shekara goma, daga nan hanyar ta bazu a duniya da sunansa.

Ga yadda ake yi. Bayan an sa majiyyaci barci, ana auna ƙirjinsa a lanƙwasa wani shafaffen sandan ƙarfe ya yi siffar baka, daidai da yadda ake so ƙirjin ya koma. Ana yin yanka biyu, ɗaya a kowane gefe ƙasa da hammata, kowanne bai wuce 'yan santimita ba. Ana zura siririn bututu mai kyamara don a ga ciki a talabijin. Sai likita ya bi da wani dogon ƙarfe a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ta bayan ƙashin ƙirji, ta gaban jakar da zuciya ke ciki. Ta wannan hanya ake jawo sandan, doronsa na kallon ƙasa. Sa'annan a juya shi gaba ɗaya, doronsa ya koma sama, ya tokare ƙashin daga ciki, nan take ramin ya taso. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai gyaran jikin mota yana turo lotsattsiyar ƙofa daga ciki zai gane hikimar. Ƙarshen sandan biyu na zaune a kan haƙarƙari, ana ɗaure su da zare mai ƙarfi da wani ɗan ƙarfe mai hana motsi. Wani sanda ɗaya ya ishe shi, wani sai biyu ko uku. Ba a cire ƙashi, ba a cire guringuntsi, jinin da ake zubarwa kaɗan ne, aikin yakan ƙare cikin awa ɗaya zuwa biyu.

A nan nake so in tsaya, domin nan ne kalmar "ƙaramin yanka" ke yaudarar mutane. Ƙanƙantar a fata take. Abin da ke faruwa a ciki shi ne an bi da ƙarfe ta wurin da tazararsa da zuciya ba ta kai kaurin yatsa ba, kuma a mai rami mai zurfi ƙashin ma a jikin zuciyar yake jingine. An sami lokutan da aka huda zuciya a wannan mataki, wasu suka rasu. Abu ne da ba ya yawan faruwa, kuma saboda shi ne aka mayar da kyamara dole, likitoci da yawa kuma suna fara ɗaga ƙashin da ƙugiya kafin su wuce. Amma ya isa ya nuna cewa ba aikin da za a yi a ɗakin tiyatar da babu likitan ƙirji da zuciya, da jini a ajiye, da sashen kulawa ta musamman ba ne.

Sai zafi. Mutane na ɗauka ƙaramin tabo na nufin ƙaramin ciwo, alhali a kwanakin farko zafin wannan tiyata yakan kai na tsohuwar hanya, ko ya fi. Dalilin a fili yake: ƙirjin da ya yi shekara goma sha yana lanƙwashewa an miƙe shi cikin minti ɗaya, kuma yana ta ƙoƙarin komawa, sandan na hana shi. A da sai an yi kwana huɗu zuwa biyar ko fiye a asibiti, da allurar baya irin ta masu haihuwa da magunguna masu ƙarfi. A 'yan shekarun nan wasu asibitoci na daskarar da jijiyoyin da ke bin ƙarƙashin haƙarƙari da wani tsinke mai sanyin kusan digiri 60 ƙasa da sifili. Jijiyar na yin barci na makonni zuwa watanni kafin ta farfaɗo, kwanan asibiti ya ragu zuwa ɗaya ko biyu ko uku. Inda babu wannan na'ura, dole a yi maganar maganin zafi dalla-dalla kafin a shiga. Mu da muka ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, bai kamata a sallami yaro ɗan shekara 15 da kwalin ƙwayoyi a aljihunsa ba. Babba ne zai riƙe, ya ƙirga, ya bi jadawalin ragewa da likita ya rubuta.

Sandan kuma ba baƙon kwana biyu ba ne. Shekara biyu zuwa uku yake zama, har ƙirjin ya kafe a sabuwar siffa. Idan aka yi gaggawar cirewa ramin na iya dawowa. A makonni shida na farko ba murɗa jiki, ba sunkuyo daga ƙugu, ba kwanciya a gefe. Watanni biyu zuwa uku ba ɗaukar nauyi. A gidajenmu wannan na nufin ba jarkar ruwa, ba buhun dankali, ba noma, ba ƙwallo, kuma a yi hattara da girgizar Keke a hanya mai ramuka. Yayata ta tambaye ni batun ruku'u da sujada. Shari'a ta riga ta yi sauƙi, wanda ba zai iya tsayuwa ko sunkuyo ba ya yi sallarsa a zaune. Babban abin tsoro a wannan lokaci shi ne sandan ya juya ko ya zame, wanda kan sa a koma ɗakin tiyata. A rahoton asibitin Norfolk na 2010, kan majiyyata 1,215 cikin shekara 21, zamewar sanda ta sauko daga kashi 12 cikin 100 a shekaru goman farko zuwa kashi 1 a na biyu, bayan sun inganta ɗauri, kuma sama da kashi 95 sun sami sakamako mai kyau a lokacin cirewa. Ni abin da na karanta a waɗannan alƙaluma shi ne hannun da ya saba ya fi komai: su da suka ƙirƙiro aikin ma sai da suka yi shekaru suna koyo.

Akwai ƙananan abubuwa da ake mantawa. Sandan da aka saba sawa na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, kuma akwai sinadarin nikel a ciki. Wanda 'yan kunne masu araha, ko bayan agogo, ko maɓallin wandon jins ke sa wa ƙaiƙayi da ƙuraje, ya faɗa tun wuri, a gwada shi, in ya kama a yi odar na taitaniyom. Mai sanda a ƙirji ya riƙa yawo da takardar shaida, domin in haɗari ya faru masu ceto su sani kafin su danna ƙirji, haka ma kafin a sa shi a na'urar hoto mai maganaɗisu.

Wane lokaci ya fi? Da farko ƙananan yara aka fi yi wa, amma yanzu yawancin likitoci sun fi son shekarun balaga, wajen 12 zuwa 16, lokacin da ƙirji bai gama tauri ba, kuma sandan zai raka yaro ya ƙetare shekarun tsawo. Manya ma ana yi musu, sai dai zafi ya fi, sanduna sun fi yawa, matsaloli ma haka. Wanda raminsa bai yi zurfi ba kuma ba ya damunsa, ba ya bukatar wuƙa ko kaɗan. Akwai ma wata na'ura da wani injiniya Bajamushe, Eckart Klobe, wanda shi kansa yana da ramin, ya ƙera: faifan roba ne da ake kifawa a ƙirji a zuƙe iska, ya jawo ƙashin waje, kamar dai ƙahon wanzami amma ba tsaga ba jini. Tana aiki ga yara masu ƙirji mai laushi da rami mara zurfi, in an jure sawa kullum har shekara ɗaya ko biyu. Ban kawo wannan kwatance don a tafi wurin wanzami ko mai ɗori ba. Ƙaho da sakiya ba sa taɓa guringuntsi, tabo kawai za su ƙara.

Ko a ƙasashen da suka ci gaba ana gardama kan ko wannan tiyata ta lafiya ce ko ta kwalliya. A 2019 hukumar lafiya ta Ingila ta daina biyan kuɗinta bisa hujjar cewa shaidar amfaninta ba ta yi ƙarfi ba. A 2023 ta sake buɗe ƙofa ga masu tsananin da ya taɓa zuciya ko numfashi. Gaskiyar da ke tsakiya ita ce: awon huhu ba ya canjawa sosai bayan aikin, zuciyar da aka danne tana samun sarari ta cika da kyau, juriya wajen motsa jiki takan ƙaru daidai gwargwado, abin da ya fi canjawa kuma shi ne yadda yaro ke ganin kansa. Ni ban yarda a raina wannan na ƙarshe ba. Yaron da ya bar ƙwallo, yake wanka a ɓoye a makarantar kwana, yake tafiya a duƙe yana rufe ƙirji da kafaɗu, ciwo ne ke cinsa ko da eko ya fito fes. Amma kuma ban yarda a yi wa iyaye alkawarin cewa yaro zai tashi daga gado ya zama Ahmed Musa ba.

Mu a nan, magana na ƙarewa ne a aljihu. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Najeriya daga hannun majiyyata yake fita kai tsaye, duk da dokar inshorar lafiya ta 2022 da PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato. Sandan daga waje ake kawo shi, farashinsa na bin dala. Kuma lissafin tiyata biyu ne, sawa da cirewa, da hotuna da ganin likita na shekara uku a tsakani. Masu hali da yawa Indiya ko Masar suke nufa, dillalan asibitoci kuma sukan faɗi kuɗin sawa su yi shiru kan sauran. Duk wanda za a yi wa, a gida ko a waje, ya kamata ya ji amsar waɗannan daga bakin likitan da zai riƙe wuƙar: sau nawa ya yi wannan aiki da hannunsa, da kyamara zai shiga, wane shiri ke akwai in jini ya ɓalle, kuma in sandan ya zame wata biyu bayan an dawo Jos, lambar wa za a kira, ƙofar wa za a buga.

Ɗan yayata an yi masa hoton ƙirji da eko. Babbar jijiyarsa lafiya take, babu alamar Marfan, amma ƙashin na taɓa ɓangaren dama na zuciyar. An tsayar da maganin asma. Likitan ya ce a dawo bayan wata shida a sake aunawa, kafin nan ya riƙa atisayen numfashi da miƙe baya, ya koma fili ya buga iya ƙarfinsa. Yayata ta sayi littafi, duk farkon wata tana kwantar da shi ta gicciya rula a ƙirjinsa, ta auna zurfin ramin da tsinke ta rubuta. Da muka zauna da mahaifinsa ina ta bayanin sanda da kyamara, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, na ji wanda zai sa. Wa zai cire?" Amsar wannan muke nema yanzu, kafin a taɓa kuɗin gonar da ya ce zai sayar.